Bangon Da Zulaihatu Ta Lanƙwasa

Ranar da Zulaihatu ta fara shiga shagon Bilya a bakin tashar Ƙanƙara, rufin gida ne ya kai ta. Ta shigo rungume da kwamfutar wanta a cikin jakar leda, fuska a ɗaure kamar wadda ta zo kai ƙara.

Shekarun nan ne da gangar mai ta yi tsada, duk gidan da ke da ɗa a Abuja ko Fatakwal sai ka ga an rushe ɗakin ƙasa ana jera bulo. Wanta Salihu yana aiki a Fatakwal. Shi ya aiko da kwamfutar da manhajar zanen gida a ciki, ya ce tunda ita ce malamar makaranta, ta zana wa Babansu gidan da yake so a ƙauyensu Damari kafin magina su zo.

Ta kuwa zana. Ɗakuna sun fito, zaure ya fito, amma duk sanda ta danna wurin ɗora rufi sai manhajar ta yi mata kunnen ƙashi.

Bilya ya karɓi kwamfutar ya buɗe. Dogo ne siriri, ɗan Malam Audi limamin unguwarsu, ya yi karatun zanen gini a Katsina ya dawo ya kama shago da firinta ɗaya da wani janareto mai yawan tari. Ya murza linzamin kwamfutar ya matso da kusurwar ɗaki har ta cika fuskar kwamfutar, sai ga wata 'yar kafa tsakanin bango da bango wadda ido ba ya gani daga nesa.

“Malama, bangayenki ba su gaisawa,” in ji shi.

Dariya ta taso mata, ta danne. Ya bayyana mata cewa manhajar ba ta san ɗaki ba sai bango ya kama bango ta kowace kusurwa. In akwai kafa ko ta allura ce, a wurinta fili ne, ita kuma ba ta rufa fili. Ya ja bakin bangon har ya manne da ɗan'uwansa, ya danna, rufi ya hau ya zauna. Sannan ya lura ta bar awon a mita alhali maginan ƙasar nan da ƙafa suke awo, ya ce da an miƙa masu haka da ɗakin Baba ya fito kamar akurkin kaji.

Suna cikin gyaran aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Duk abin da suka yi ya tafi. Bilya ya ce to ga babban darasi nan: ta riƙa adana aiki a kai a kai, in za ta yi babban canji kuma ta adana da sabon suna, tsohon ya zauna lafiya. Ya ce sai dai ta dawo gobe su sake. Duk wanda ya ga fuskarsa a lokacin ba zai ce ya ji haushin ɗauke wutar ba.

Ta dawo washegari, ta kuma dawowa. A gidan Gwaggonta Suwaibatu take zaune tana koyarwa a firamare, shagon kuma ya zama kan hanyarta ko da ba kan hanyar yake ba. Kafin a daɗe saƙonni sun fara shiga wayarta.

“Injiniyata, kin adana aikinki yau? Ni kam na adana ki a wurin da ɗauke wuta ba ya gogewa.”

Ta amsa masa: “Malamina, ka rage zaƙin baki, ɗalibarka tana da takardun yara a gabanta. Amma ban goge saƙon ba.”

Shi ya koya mata leya, wato raba zane hawa-hawa kamar an jera takardu masu shara-shara, tsohon gida a kan ɗaya, sabon gini a kan wata. In layuka sun cakuɗe maka sai ka rufe wadda ba ka buƙata, ta ɓace daga ido amma tana nan. Zulaihatu ta koma gida ta zuba tsohon gidansu a leyar ƙasa, da rumbu da rijiya da turken awaki da dalbejiyar ƙofar gida, kowanne ta rubuta masa sunansa. A bayan ɗakin mahaifiyarta ta zana wani ɗan akwati mai tsawo. Shi ba ta sa masa suna ba. Da ta zo kan bangon baya na sabon gini, sai ta lanƙwasa shi ya shigo ciki ya ba akwatin wuri, sannan ya koma kan layinsa.

Kushewar mahaifiyarta ce. Gidansu Maguzawa ne tun asali. Mahaifinta Malam Ɗanjuma ya musulunta da 'ya'yansa Zulaihatu tana ƙarama, amma matarsa Kyauta ta ce ita a kan hanyar iyayenta za ta mutu, a kanta kuma ta mutu. Ba a kai ta maƙabartar gari ba. Mijinta ya haƙa mata a bayan ɗakinta kamar yadda nasu suke yi, ya jera duwatsu, ya kifa tsohuwar tukunyarta a kai. Zulaihatu ta sha “ɗiyar Bamaguza” a bakin yara har kunnenta ya ƙoshi, shi ya sa da ta zo Ƙanƙara ta kulle zancen ta jefar da makullin.

Da ta je gida hutu ta buɗe wa Baban zanen. Bai damu da falo ko tagogi ba. Ya ɗora yatsa a kan lanƙwasar ya ce, “Nan take?” Ta ce nan take. Ya ce to sauran duk yadda suka yi ya yi.

Sau ɗaya Bilya ya tambaye ta mahaifiyarta. A lokacin har ya fara zuwa zance gidan Gwaggo da izinin Baba, suna zaune a zaure da la'asar. Ta ce ta rasu. Ya ɗaga hannu ya roƙa mata gafara, ya ce Allah ya sa sallolinta su haskaka mata kabari. Zulaihatu ta ce amin. Ɗan liman ne, tana sonsa so mai tsanani, kuma tana tsoron kalma ɗaya za ta raba su. Ta yi shiru, shirun kuma ya yi mata daɗi a ranar.

Wanda Salihu ya ba kwangilar ginin abokinsa ne, Sanusi, mutumin Mairuwa. Ƙaƙƙarfa ne mai sabuwar mota da yawan waya, ya daɗe yana aiko wa Zulaihatu turare ta hannun Gwaggo tana mayar masa. Da rani ya kama ya sa aka rushe tsofaffin ɗakunan, Malam Ɗanjuma ya koma gidan ƙaninsa na ɗan lokaci, ɓaraguzai suka rufe bayan gida. Sanusi ya fara matsa lamba a ba shi takardar zanen, wai leburorinsa suna zaune suna cin tuwon banza.

Matsala ɗaya ta rage. Tun da ta lanƙwasa bangon baya, rufin ya sake tayar da ƙayar baya. In ta danna sai ya fito a karkace, gefe ɗaya ya soke cikin ɗaki. Makon jarrabawar yara ne, ba ta da lokacin kanta. Ta ajiye wa Bilya kwamfutar ta ce ya taimaka ya zaunar da rufin, in Sanusi ya zo ya buga masa.

Bilya ya yi abin da ya saba. Ya rufe leyar tsohon gida don ya ga sabon gini fes, sai ga bango ya lanƙwashe a fili ba dalili. Ya yi murmushi, ya ɗauka hannun ɗaliba ne ya zame. Ya adana nata yadda yake, ya buɗe sabo, ya miƙe bangon samɓal. Rufi ya hau ya yi kyau kamar a mujalla. Ya buga a babbar takarda, sunan shagonsa a ƙasa, ya miƙa wa Sanusi. Bai taɓa taka filin ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba.

Saƙonsa ya same ta a aji: “Hasken idona, rufi ya zauna. Ɗan gyara na yi, zan nuna miki in kin huta. Gidan Baba zai fi na kowa kyau a Damari.”

Ta karanta ta yi murmushi ta mayar da wayar jaka, ta ci gaba da raba wa yara takardu.

Ranar da aka ja igiya aka fara haƙa harsashi, Malam Ɗanjuma ya tafi ta'aziyya Mabai. Leburorin 'yan Mairuwa ne, ba su san gidan ba. Sun bi igiya yadda takarda ta ce. Sun ture duwatsu da fasasshiyar tukunya suna tsammanin ɓaraguzai ne, sai da diga ta fito da guntun saƙin da aka naɗe gawar da abin da ke cikinsa suka watsar da kayan aiki.

Gwaggo ce ta zo makaranta da kanta ta fitar da ita daga aji. Suka kama mota sai Damari.

Ta tarar da mahaifinta zaune a bakin ramin, ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe wurin. Mutane sun tsaya nesa-nesa, wasu na salati, wasu na raɗa. Ta durƙushe a kan ɓaraguzai. Ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar mutuwar ba ta kai ta ba, don a lokacin yarinya ce.

Sanusi ya iso da takardar a hannu yana karkaɗa ta. Ya nuna wa kowa layin a miƙe, ya nuna sunan shagon. Ya ce shi abin da aka ba shi ya bi. Sannan ya sassauta murya yadda kowa zai ji, ya ce shi dai ba ya son ya ɗauki alhaki, amma ɗan liman ne ya yi zanen, kuma kowa ya san irinsu ba sa son gidan Musulmi ya raɓi kushewar arna.

Malam Ɗanjuma bai dube shi ba. Ya juyo ga 'yarsa, idanunsa jawur.

“Zulai, tambaya guda zan yi maki. Kin hwaɗa ma yaron nan uwarki na nan kwance?”

Duk Damari na sauraro. In ta ce a'a, tambaya ta biyu za ta biyo, ita kuma amsarta ba ta faɗuwa a gaban wannan rami.

“Na hwaɗa mashi, Baba.”

Tsohon ya jinjina kai. Ya ce daga yau kada ya sake jin sunan yaron a gidansa, in ya tako Damari kuma kada a ba shi ko ruwa. Da hannunsa ya mayar da matarsa, da hannunsa ya tura ƙasa, ya hana kowa taɓa shebur. Aka tsayar da ginin.

Zulaihatu ba ta koma Ƙanƙara ba. Ta zauna a gidan ƙanin Baba tana girki tana shara, wayarta na haske tana kifa ta. Bilya ya zo, kamar yadda ta san zai zo. Ya tsaya a ƙofar gida tun hantsi har rana ta take, yana aikawa a yi masa sallama da Malam. Daga ƙarshe ƙanin Baba ya fito ya faɗa masa abin da ake tuhumarsa da shi, da abin da Zulaihatu ta shaida a gaban jama'a. Tana leƙe ta kafar zana ta ga ya sunkuyar da kai. Sai ta ji ya ce a ba Malam haƙuri, laifinsa ne. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Da yamma saƙo ya shigo, wannan karon ta buɗe.

“Zulaihatu, na kunna leyar da na rufe, na ga ɗan akwatin. Wallahi ban san mene ne ba sai yau. Da na tambaye ki, ko da na zo na taka filin da ƙafata, da haka ba ta faru ba, wannan nawa ne har abada. Abin da kika faɗa wa Baba ba zan ƙaryata ki ba, ko a gaban wa. Allah ya ba ku haƙuri.”

Babu Injiniyata, babu hasken ido. Ta karanta har ta haddace, ba ta amsa ba.

Sanusi bai ɓata lokaci ba. Ya riƙa zuwa gaishe da Malam da goro da lemo, ya yi alkawarin zagaye kushewar da bulo, daga baya manyansa suka zo daga Mairuwa neman izini. Malam Ɗanjuma ba mai tilasta 'ya ba ne. Ya ce zai ji ta bakinta, ya ba ta lokaci. Salihu ya bugo daga Fatakwal yana yabon abokinsa, Gwaggo ta ce ai wanda ya tsaya maka ranar baƙin ciki shi ne naka. Ita dai ta rame, abinci ba ya wuce mata.

Bilya ya aiko da kwamfutar ta hannun direban tasha. Ta daɗe a ƙarƙashin gado kafin wata rana ta kai ta shagon cajin waya ta jona. Zane biyu ta tarar, nata da nasa, kamar yadda ya koya mata. Ta buɗe nata. Ga rumbu da sunansa, ga rijiya, ga dalbejiya, har turken awaki ta girmama shi da suna. Matar da ta haife ta kaɗai ta bari ba suna. Ta rufe kwamfutar, mai shagon yana tambayarta ko lafiya, ta fice abinta.

Ta sami Baba a filin bayan sallar la'asar yana kwaɓa ƙasa yana gyara gefen kushewar. Ta durƙusa nesa kaɗan.

“Baba, ƙarya na yi maka. Ban taɓa hwaɗa mashi ba. Bai san komi ba.”

Hannunsa ya tsaya a cikin ƙasar.

“Don mi?”

“Kunya na ji.”

“Kunyar wa?”

Hawaye suka amsa mata, shi kuwa ya gane.

Ta so ya daka mata tsawa ko ya ɗaga hannu, bai yi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da shafe ƙasar yana magana kamar da kansa yake. Ya ce matar nan ba ta taɓa azumi ba, amma ita take tashinsu sahur ta dafa ta koma ta zauna tana kallonsu suna ci. Ita take wanke mata hijabin Islamiyya ta shanya ta goge. Da yara suka riƙa tsokanarta a hanya, ita ta daina raka ta makaranta don kada a gan su tare, ta riƙa tsayawa bayan dalbejiya tana hangenta har ta sha kwana.

“Yaron ya tone ta bai sani ba,” ya ce. “Ke kin san da ita kika ɓoye ta. Tashi ki ba ni wuri.”

Daga ranar ya daina yi mata magana. In ta gaishe shi ya ce “lahiya” ya kau da kai, shi ke nan. Amma mutum ne mai gudun zalunci. Ya aika Mairuwa aka ba manyan Sanusi haƙuri, ya kuma ce a faɗa wa Sanusi ya zo ya kwashe kayan aikinsa, don wanda ya ƙaga wa wani magana a bakin kabari ba zai gina masa ɗaki ba. Sannan ya aika a kira Bilya.

A zauren ƙaninsa ya karɓe shi. Ya nemi gafararsa a gaban mutanen da suka ji tuhumar. Ya ce in har yanzu yana so, sharaɗi ɗaya ne: ya koma ya faɗa wa Malam Audi wace ce uwar yarinyar, da yadda ta rayu, da inda take kwance. In sun ji sun zo, ya ba shi aurenta. In ba su zo ba, ba zai riƙe su a zuciya ba.

Aka bar su su gaisa a ƙofar zaure. Ta kasa ɗaga ido. Ta ce ya yafe mata, ya ce ya yafe tun a kan babur. Amma ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne ta yanke masa hukunci ba ta saurare shi ba, ta ɗauka yana ji zai gudu.

“Da ba ka gudu ba?” ta tambaya a hankali.

“Ban sani ba, Zulai. Amma da kin bari na gwada.”

Gaskiyar ta yi mata zafi, ta kuma ƙara mata sonsa.

A Ƙanƙara ba a sha da daɗi ba. Malam Audi ya yi kwanaki yana juya maganar, daga ƙarshe ya ce yarinya Musulma ce ɗiyar Musulmi, bai ga inda aka hana ba. Yayar Malam Audi, Hajiya Lauratu, wadda ta raini Bilya tun rasuwar mahaifiyarsa, ita ta tayar da hankalin gidan. Ta ce nonon da yarinyar ta sha shi jikokinsu za su gada, ta yi rantsuwa ba za ta sa hannu a lefe ba. Bilya ya riƙa zuwa yana durƙusa mata safe da yamma, tana juya masa ƙeya. Da Malam ya ce magana ta ƙare, ta yi shiru, amma kowa ya san shirun ba na yarda ba ne.

Kafin biki Bilya ya gama abin da ya ɓata. Ya je Damari da tef ya auna filin kusurwa-kusurwa, Malam Ɗanjuma na tsaye a kansa. Ya dawo da zanen Zulaihatu na asali, ya kashe wurin da manhajar ke ɗora rufi da kanta, ya zana rufin da hannu kashi biyu, ya haɗa su da indararo mai kai ruwa gefe don kada ya zuba a kan kushewar. Da zai buga ya bar leyoyin duka a kunne. Turakun harsashin ma shi ya kafa su.

An ɗaura aure ranar wata Asabar da hantsi a ƙofar sabon gidan, fenti bai gama bushewa ba. Malam Ɗanjuma ya karɓi baƙi, ya raba goro, ya yi duk abin da uba ke yi. Zulaihatu tana ɗaki cikin ƙawaye da ƙamshin lalle, ana guɗa a kanta, ita kuwa zuciyarta a cunkushe. Za a kai ta gari mai nisa, mahaifinta kuma ban da “lahiya” bai ce mata komai ba tun ranar nan. Saƙon Bilya ya shigo: “Alhamdu lillahi, matata. An shafa fatiha. Ki daina kuka, ina jiranki.” Ta rungume wayar, kukan bai tsaya ba.

Da la'asar motocin ɗaukar amarya suka iso, Hajiya Lauratu ce a gaba, don ƙaninta ya roƙe ta kuma ba ta iya ƙi ba. Aka lulluɓe amarya aka kai ta gaban mahaifinta ya yi mata sallama. Matan suka yi tsit suna jiran nasiha.

“A tahi lahiya,” ya ce. Bai ƙara ba.

Aka ɗaga ta aka nufi zaure. A tsakar gida Zulaihatu ta tsaya. Ta laluba ta kama hannun Hajiya Lauratu, ta juya da ita ta ɗan lungun da ke bi ta bayan ɗakuna. Gwaggo na kiranta ƙasa-ƙasa, ba ta waiwaya ba. Matan Ƙanƙara suka biyo su suna kallon juna, har inda bango ya shigo ciki ya bar wa tudun ƙasa wuri.

Ta ɗaga lulluɓinta. Ta yi magana yadda kowa zai ji.

“Hajiya, ga Innata nan. Bamaguza ce, ba ta taɓa sallah ba. Ita ta haife ni, ita ta raine ni, duk abin da kuka gani a jikina na kirki nata ne. Ban so ku tahi da ni ba ku san inda na hito ba.”

Wata ta ja salati a baya. Hajiya Lauratu ta tsaya ƙiƙam tana kallon tudun, fuskarta ba ta sake ba. Sannan ta sa ɗaya hannun ta jawo lulluɓin ta mayar mata.

“Na ji,” ta ce. “Ruhe huskarki, amarya ba ta yawo ido buɗe.”

Amma ba ta saki hannun ba, ta ma ƙara damƙe shi.

Da suka juyo sai ga Malam Ɗanjuma a bakin lungun, ya biyo su ba takalmi. Matan suka dare suka ba shi hanya. Ya zo ya ɗora tafinsa a kan 'yarsa.

“Zulai,” ya ce. “Na yahe maki duniya da lahira. Allah shi yi maki albarka, shi ba ku zaman lahiya ke da mijinki, shi ba ki ɗiyan da ba su jin kunyarki. Tahi, ɗiyata. Tahi, uwarki ta gan ki.”

Ta faɗa ƙafafunsa tana kuka, shi ma bai ɓoye nasa ba. Hajiya Lauratu ce ta ɗaga ta, ta ce rana na yi, hanya da nisa, angon kuma tun safe bai zauna ba. Aka yi guɗa, aka sa amarya a mota, tsohon ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga hannu har suka sha kwana.

Allah ya sanya alheri a auren Bilya da Zulaihatu, ya sanyaya zuciyar wanda suka bari a Damari.